Tsibirin da bas ba ta zuwa

Tun da na sauka a New York ban sake taka filin jirgi ba. Takarduna sun daɗe da mutuwa, lauya kuma kullum maganarsa ɗaya ce: a yi haƙuri, kada a je inda za a nemi katin shaida. Biki a Ohio, ta'aziyya a Atlanta, duk a bas nake zuwa, in isa da kumburarrun ƙafafu. Ban taɓa ƙorafi ba, tunda komai daɗewa mota tana kai ni.

Sai aka mayar da mijin 'yata Hawaii. Sojan ruwa ne, ita kuma ga cikin fari. Ni da jahilcina na ɗauka wani gari ne can bayan California. Na tare maƙwabcinmu mai tasi a bakin matattakalar gidanmu na Morris Heights, na ce ya duba mini bas ɗin da ke zuwa can.

"Hajiya, wace irin bas?" in ji shi. "Tsibiri ne fa, tsakiyar teku. Daga nan awa goma sha ɗaya ne a jirgi, in bai tsaya ko'ina ba."

Na ce to in bi mota har Los Angeles, daga can in san dabara. Ya girgiza kai, ya ce ko daga can sai an yi wajen awa shida a sama, ruwa ne zalla.

Awa goma sha ɗaya! Tsohuwar da nake jinya, zaman da nake yi a gidanta a yini guda ya fi haka. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ma an ce tafiyar wata uku ce, da na dangana.

A zangonmu na Kumasi uwa ce ke yi wa 'yarta wankan jego, haka tawa ta yi mini. A nan Bronx ma ni ake kira. 'Ya'yan mutane nawa na gasa wa jiki da ruwan zafi da tawul, suna ihu ina yi musu tsiya, na dama musu kunun kanwa, na ɗaure musu ciki? Sai ga tawa tilo tana kuka a waya tana cewa, "Mama, ki zo mana, tsoro nake ji."

Na haɗa jaka. Ta yi kwanaki a bakin ƙofa ina tsallake ta in tafi aiki. A ƙarshe tsoro ya ci ni, na kwance ta.

Ta haihu, namiji. Na aika kanwa da yaji ta gidan waya, na riƙa koya mata wankan ta bidiyo, ina cewa ruwan bai yi zafi ba, tana amsa mini da Turanci wai likita ya ce mai ɗumi ya isa. Wata maƙwabciyarta da ban san ko sunanta ba ita ke riƙe mata jaririn. Na yi wa matar godiya, ina jin haushinta har wuya.

Yaron yanzu yana gudu, ban san nauyinsa a hannu ba. Kwanan baya 'yar tawa ta kira ta ce an sake samun rabo. Na yi mata barka, na kasa kunne ina jira. Ta ba ni labarin asibiti, da gadon da za su saya, da maƙwabciyar nan da ta ce za ta sake taimakawa. Har muka yi sallama ba ta ce in zo ba.