Baba Jibirin, Mai Koya Iyo da Riga a Jiki

Idan zafi ya kankama, aka rufe makarantu, kogin Nilu da muke ce wa Bahar ya ja baya ya bar farin yashi a gaɓar ƙauyenmu da ke kudu da Makwar, ba sai ka tambayi inda Baba Jibirin yake ba. Yana idar da sallar asuba zai shanye shayinsa a tsaye, ya saɓa doguwar gora, ya gangara. Kafin ya taɓa tarunsa sai ya shiga ruwa yana dungurin ƙasa da gorar, don kogin nan yakan haƙa rami yau inda jiya babu. Duk inda ya ji zurfi sai ya kafa kara. Sannan ya zauna a bakin kwale-kwalensa yana gyaran taru, yana jiran yara.

Masunci ne, kuma da kifi ya ciyar da gidansa. Koyar da iyo kuwa babu wanda ya ɗora masa. Mu da muka tashi a hannunsa ba mu manta da dokarsa ta farko ba: ba ya koya wa yaro tsirara. Da jallabiyarka za ka shiga, yarinya kuma da rigarta da mayafinta, 'yarsa Hindu tana tsaye cikin ruwa kusa da su. Yaran ƙauyukan maƙwabta sun sha yi mana dariya, wai mu ne masu wanki da kanmu a ciki. Ranar da muka kai masa ƙara, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ku bar su su yi dariya," in ji shi. "Wa kunka taɓa gani ya tuɓe riga kahin ya faɗa ruwa?"

Sai da muka girma muka san inda maganar ta samo asali. Akwai wani yaro, Khalid, ɗan farin Inna Ma'u, wanda duk sa'o'insa babu mai kama shi a iyo. An aike shi gonar auduga, santsi ya kwashe shi a bakin ƙofar babbar tur'a, wato magudanar ban ruwa. Jallabiyarsa ta sha ruwa ta naɗe masa kai da hannuwa. Baba Jibirin ne ya fito da shi, shi ne kuma ya warware rigar daga fuskarsa. Da zafin shekarar ya zagayo sai ya tara yaran unguwa a bakin Bahar, ya ce kowa ya shigo da kayan jikinsa. Tur'a kam ya hana mu ita har abada, saboda ƙofofinta da kuma tsargiya.

Kai ne, Baba, ka koya mana cewa idan riga ta yi nauyi ba a kokawa da ita. A juya rigingine, a buɗe hannuwa, a kalli sama, a bar numfashi ya dawo. Kai ne mai cewa, "Bahar ba ya son mai gardama." Allah kaɗai ya san kofi nawa na ruwan kogin nan na sha kafin in yarda da kai.

Ƙarshen kowane zafi, kafin ruwa ya fara ja, sai a yi gasa daga tsibirin yashi zuwa gaɓa. Iyayen da za su kai 'ya'yansu karon farko, bari in gaya muku abin da za ku tarar. Za ku daɗe a rana, don haka ku taho da zoɓo mai sanyi da tabarma. Za ku ga ɗanku ya tsaya tsakiyar ruwa ya kwanta kamar ya gaji da duniya. Ba wani abu ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Kyautar kuma kankana ce daga gonar bakin kogi: na ɗaya ya zaɓi yankansa, na ƙarshe ma ya sami nasa. Amma doka mafi wuya taku ce. Muddin yaro yana cikin ruwa, ba a kiran sunansa. Baba Jibirin ya ce yaron da ya ji muryar uwarsa sai ya ɗaga kai ya waiwaya, daga nan ne ruwa ke shiga baki. Na ga manyan 'yan kasuwa daga Madani, masu tsawa a shagunansu, sun zauna tsit suna murza carbi. Na tuna babana yana taunar bakin rawaninsa ranar da na fara tsallakawa, kuma har gobe idan na ji ƙamshin kankana shi nake gani.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa zuwa ba. Tun rasuwar Khalid Inna Ma'u ba ta sake taka yashin Bahar ba. Sauran 'ya'yanta ta hana su iyo, suka girma suna tsoron ko da kwale-kwale. Tana gaisawa da Baba Jibirin da mutunci, amma ba ta iya kallon hannuwansa.

Yaƙin nan da ya watsa mu ya sa an yi shekaru babu gasa. Da aka fara komowa gida bana, sai ga idon Baba ya yi rauni, gwiwa ma ta ƙi. Ya ce wannan ce ta ƙarshe a hannunsa, Hindu da ƙanenta Sabi'u za su ci gaba. Cikin yaran da suka koya har da Abrar, jikar Inna Ma'u, wadda uwarta ta kawo ta ba tare da an sha wahalar neman izinin tsohuwa ba. Da labari ya kai wa Inna Ma'u ana gobe gasa, ta rantse yarinyar ba za ta shiga ba. Bayan la'asar Baba ya dogara gorarsa har ƙofar gidanta, maƙwabta suna ji.

"Hajja Ma'u, ban zo gardama ba. Ɗiyag ga kullum tana wanki bakin Bahar, ke kin sani."

"Malam Jibirin, ruwa ya ci min guda. Kalas, ya isa."

"Ni na hiddo shi, Hajja. Rigar da ta kashe shi, da hannuna na kwance ta. Ki zo ki ga abin da na yi da ita."

Ta juya ta shige gida. Amma washegari, ana jera yara a tsibiri, sai muka ga mata suna matsawa a kan tabarma. Inna Ma'u ce, ta zauna a gaba, ta kama bakin mayafinta da haƙora.

Baba ya bugi gefen kwale-kwale da gora, yara suka faɗa. Ana tsakiyar ruwa mayafin Abrar ya zame ya rufe mata fuska. Muka ga hannu ɗaya yana dukan ruwa. Sabi'u ya karkato da kwale-kwale, gaɓa ta yi shiru har kana jin kukan tsuntsayen tsallake. Na dubi tsohuwa: ta miƙe tsaye, hawaye na zuba, amma mayafin yana nan a bakinta. Sai yarinyar ta juya rigingine, ta buɗe hannuwa, ta huta, ta janye ƙyallen daga fuskarta a hankali, ta ci gaba. Ita ce ta ƙarshe da ta iso.

"Ta taka ƙasa?" Baba ya tambaya, don idonsa bai kai ba. Aka ce ta taka. Ya ce, "To, Hajja, yanzu kira ta."

Inna Ma'u ba ta tsaya kira ba. Da takalmanta da komai ta shiga Bahar har gwiwa, ta rungume yarinyar. Abrar tana haki ta ce wa kakarta, "Haboba, kin jiƙa tufanki!" Tsohuwa tana kuka tana dariya ta ce, "Ma'alesh, ba komai, 'yar nema, nan garin da riga aka shiga ruwa."

Baba Jibirin, kifin Bahar, gorar da ke gano rami, mun gode. Ba mu da abin biyanka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idonka, ya jiƙan Khalid. Ku kuma mutanen garuruwan Hajj Abdalla da Managil da duk ƙauyen da ruwa ya ratsa, a cikinku akwai wanda ya iya iyo, akwai kuma yara da ake aike bakin ruwa kullum. Kada ku jira sai kun warware riga daga fuskar ɗan wani kafin ku tara su.