'Yar Mai Waƙar Zaman Lafiya Ta Ɗaga Muciya

Ina shiga gida ɗazu na tarar Goggo Hadiza ta ɗaga muciya, mata na rirriƙe ta. Wai duk a kan sunan da za a raɗa wa ɗana ne.

Kakannina biyu wa da ƙane ne a nan Garoua, duk sun rasu. Malam Sani, uban babana, mawaƙi ne, bai taɓa rera komai ba sai haƙuri da zaman lafiya. Ko sauro korarsa yake yi. Ali kuwa, uban mamata, shi ke gaba lokacin da aka rufe kasuwanni ana neman canjin gwamnati, har ya sha ɗauri a kurkukun Tcholliré.

Goggo 'yar Malam Sani ce. Kawu Umaru, ɗan Ali, yana tsaye cikin atamfar jam'iyya, hoton shugaban ƙasa ɗare-ɗare a tumbinsa.

Goggo ta ce, "Sunan ubana za a sa, mutumin da ya koya wa garin nan haƙuri. Wanda ya musa in fasa masa kai."

Kawu ya leƙa waje, ya rage murya. "Yaya, a hankali, jandarmomi na kusa. Sunan ubana ya kamata a sa, shi da bai ji tsoron kowa ba, amma kada a ce ni na faɗa."

Ashe gadon a karkace aka raba shi. Shugaban da tsofaffin nan suka mutu suka bari a kujera kuwa, ga shi zai halarci sunan tattaɓa-kunnensu a tumbin Kawu.

Gobe ne suna. Ku ba ni shawara kafin Goggo ta kuɓuce.