Tulun da na sa aparai ciki

Jama'a, ku da kuka san ni da ba'a, wannan karon ku yi haƙuri, wallahi ba tatsuniya ba ce. Shekarun baya ne, lokacin da lakwal, makarantar boko, ta kore ni, ko ni na kore ta, ban dai tsaya tambaya ba, sai na sayi wata tsohuwar aparai ta ɗaukar hoto, na riƙa yawo da moto, wato babur, ƙauyukan Buza. Da rani garuruwanmu ba maza, duk sun tafi biɗa ƙasashen waje, sai mata da tsofaffi, to ni ke ɗaukar matan hoto su aika wa mazansu. Aparai ɗin nan ita ce gonata, ba ni da wata.

Sai dai zafin Adar bai san sabo ba. In rana ta take, ƙarfen ya yi zau, batiri ya zube, ta mutu a hannunka. Dabarata, in naɗe ta da rawani, in sa leda saboda rairayi, in tura tsakiyar jakar tufafi, kuma ba na barinta bisa tankin moto ko na minti guda.

Ran nan na baro Tabotaki zan yi Allakaye, na yi ganganci na rataye ta a wuya. Kafin azahar ta ƙi tashi. Na tsaya cikin wani kwari ƙarƙashin gawo, ba mutum ba akuya, ko tsuntsu ba ya kuka, ni kaɗai ina yi mata fifita da hula kamar mai jinya.

Sai na ji sallama. Wata mata ce tsaye da tulu, ta ci kwalliya kamar mai zuwa suna, alhali ba gari kusa.

Ta ce, "Mai hoto, ɗauke ni in aika wa maigidana, ya daɗe."

Na ce, "Inna, yarinyar tawa zazzaɓi take, sai ta huce."

Ba ta yi dariya ba. Ta aje tulun ta ce ba ruwa ciki, in sa aparai ɗin ta sha sanyi. Mu nan kowa ya san sanyin tulu, har magani ake ɓoyewa ciki, shi ya sa ban yi tunanin komai ba. Na sa. Da na fiddo ta, na rantse da Allah kamar daga firijo, har yatsuna suka ƙage, kuma ta tashi nan take, sai dai gilashin ya yi ɗan hazo daga ciki.

Ta gyara tsayuwa, ta matsa gefe guda ta ce, "Bar mishi wuri nan dama da ni."

Na ɗauka. Na duƙa in duba, ga ta sarai, gefenta kuma hazo ya miƙe tsaye, tsawon namiji. Na ɗago in tambaye ta garinsu, ba ita ba tulu.

Na ce raɓa ce ta shiga gilashi. Na shanya ta inuwa, na binne ta cikin shinkafa, na kai wa mai gyara a Madawa ya buɗe, ya ce shi bai ga laima ba. Na ci gaba da aiki. Mata da yawa hotonsu fes, amma jefi-jefi sai wata ta fito da hazon nan tsaye damanta. Ban gane ba sai da na riƙa komawa garuruwan, in tarar an shimfiɗa tabarmin gaisuwa ƙofar gidan, labarin rasuwar maigidan ya zo daga Libiya ko kurmi. Ba sau ɗaya ba.

Na ƙarshe wata yarinya ce a Keita, da jinjiri a hannu, tana so uban ya ga ɗan da bai taɓa gani ba. Tana ta dariya tana gyara mishi hula. Na leƙa, kafin ma in danna na ga hazon tsaye damanta. Na sauke hannu na ce, "Ƙanwata, batiri ya mutu." Ta ce ba komai, za ta jira in dawo.

Ban koma ba. Yanzu lodin albasa nake a tasha, aparai tana ƙasan akwati, ban sayar ba don ban san hannun da za ta faɗa ba.

Ku masu yawo da kayan hoto, in ta yi zafi ku nemi inuwa, ku naɗe ta, ku jira ta huce da kanta. Wanda duk ya miƙo muku sanyi tsakar rana cikin daji, ku yi godiya ku tada moto.