Layin da Ba Jirgi a Kansa

Shekara shida Baba yana gaya wa mutanen Nguru cewa 'yarsa tana Turai tana zana layin dogon da zai zarce har Gashua. Ina sane sarai, kuma ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce masa ba haka ba ne ba.

Baba heluman masu gyaran layi ne a reluwe har ya yi ritaya. A kan dogo ya ƙarar da ƙuruciyarsa, da guduma a kafaɗa, yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. In ya tsugunna ya kanne ido ɗaya ya dubi layi, zai nuna maka inda ya karkace tun kafin a kawo ma'auni. Abu ɗaya ne ke ci masa rai: a Nguru layin ya tsaya. Ya taso tun daga Kano, ya ratso garuruwa, da ya iso garinmu aka ce nan ne iyaka. Baba ya ɗauki wannan kamar shi aka yi wa. Bayan ritaya, kullum da hantsi yakan tafi gindin darbejiyar da ke kusa da tasha, inda tsofaffin 'yan reluwe ke majalisa. Ba shi da kuɗi, ba shi da sarauta, amma a wurin nan ba a musa maganarsa, don ba a taɓa kama shi da faɗin abin da bai tabbatar ba.

Ni kuwa fizik na karanta. Aikina, tare da mutane masu yawa a ƙasashe daban-daban, shi ne tsara wata na'ura da har yanzu ba a gina ta ba. Rami ne miƙaƙƙe a ƙarƙashin ƙasa, mai tsawon kilomita da dama. Daga wannan bakin a harbo elektiron, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su. Daga wancan bakin a harbo fositiron, wanda tamkar ɗan tagwayensa ne, sai dai cajinsu ya saɓa. Su taho da gudu kusan na haske, su yi karo a tsakiya su ɓace, ƙarfin karon ya haifar da wasu ƙwayoyin da muke son nazari. Dole layin ya miƙe, don elektiron in ka tanƙwara masa hanya sai ya riƙa zubar da ƙarfinsa. Ɓangarena ɗan guntun ƙarshe ne kafin karon: jera maganaɗisu yadda za su matse ƙwayoyin su yi sirantar da silin gashi zai zama gungume kusa da su, don kada su saɓa da juna.

Abin ya faro ne a waya. Ina sauri zan shiga taro, Baba ya kira. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa min, ba ya kiran sunana.

“Uwata, wai me kike yi ne a can? Ana tambayata, ni kuma sai in ce karatu. Karatun nan ba ya ƙarewa ne?”

Na ce, “Baba, zane nake yi. Kamar layin dogo ne, miƙaƙƙe sambal.”

Ya ce, “Layin dogo?” Muryarsa ta canza yadda ban taɓa ji ba. Ya sa min albarka har sau uku, ni kuma na kashe waya na shige taro.

Da na zo hutun babbar sallah ya ce in nuna masa zanen. Na buɗe kwamfuta a kan tabarma. Ya sa tabarau, ya bi dogon layin da yatsa daga hagu zuwa dama a hankali.

“Nan Nguru ke nan,” in ji shi. “Nan kuma Gashua. Wannan kumburin na tsakiya tasha ce, inda jirgi ɗaya zai kauce ɗaya ya wuce. Ko ba haka ba?”

Na ce, “Kusan haka, Baba.”

Na daɗe ina ba kaina hujja. Na ce ta yaya zan gaya wa mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana hana jirage karo cewa ni aikina haɗa karo? Na ce Hausa ba ta da kalmomin. Na ce farin ciki na ba shi, mene ne laifi a ciki? Duk kame-kame ne. Gaskiyar ita ce na yanke a raina cewa ba zai gane ba, kuma na ji ƙyashin ɓata lokacina. Ni da nake cika baki a gaban Turawa cewa mahaifina ne ya koya min tunani.

Magana ta bazu. In na shiga kasuwa masu bandar kifi sai su ce ga injiniyar jirgi, su ƙara min gyara. Wani mai hatsi ya taɓa tsayar da ni yana tambaya ko tarago nawa za a ware wa kaya. Inna ce kaɗai ba ta haɗiyi maganar ba. Ranar nan tana tankaɗe ta dube ni ta ce, “Wane irin layi ne wannan, shekara da shekaru ko ƙarfe ɗaya ba a aza ba?” Na hau ta da faɗa, wai babban aiki ba a yin sa da garaje. Ina da saurin fushi, musamman in an taɓo inda ba ni da gaskiya. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce, “Ke dai ki san abin da kike yi da mutumin nan.”

A shekara ta shida wani malami a jami'ar da ke Gashua, wanda muka yi makaranta tare, ya ji ina gida, ya roƙe ni in zo in yi wa ɗalibansa lacca a kan aikinmu. Na yarda, kuma bakina ya suɓuce na faɗa a gaban Baba. Washegari ya dawo daga majalisa yana murmushi, ya ce sun yi shatar mota, su biyar za su raka ni.

Kwana huɗu ne tsakani, kuma ko wace rana a cikinsu ta ishe ni in zaunar da shi. Ranar tafiyar ma na same shi a zaure yana goge takalmi, ya fito da babbar rigarsa ta sallah. Na tsaya a kansa, maganar na bakina. Ya ɗago ya ce, “Uwata, akwai magana ne?” Na ce hularsa ce ta karkace. Na lallashi kaina da cewa da Turanci zan yi laccar, ba za su bi ba, za su tafa mu dawo.

Na manta da Baffa. Baffa aminin Baba ne tun samartaka, Bamange ne, kuma shi ne tsohon akawun tasha. Yana da Turancin reluwe irin na da, mai tsabta, wanda yake ji da shi. A mota shi ya zauna a gaba. Kaka ce, an shanya tattasai ja wur a gefen titi, ruwa bai gama janyewa daga fadamu ba. Tsofaffin nan suna ta nuna wurare ta taga suna gardamar inda layi zai bi da inda sai an yi gada. Baba ya ce su daina wahalar da kansu, ga mai zanen nan a zaune. Na sunkuyar da kai ina latsa waya.

Ɗakin ya cika da ɗalibai da malamai. Aka ba tsofaffin kujerun gaba. Na yi laccata, kuma ba yabon kai ba, ta yi kyau. Na nuna ramin, na nuna maganaɗisun, na yi bayanin yadda ƙwayoyin za su haɗu. Duk lokacin da dogon zanen ya bayyana a bango sai Baba ya taɓa na kusa da shi ya nuna. Baffa kuwa na ga goshinsa yana ta tattarewa.

Da aka zo tambayoyi, bayan ɗalibai biyu, sai Baffa ya miƙe. Ya gyara riga, ya gabatar da kansa da Turanci a matsayin tsohon ma'aikacin reluwe. Ya ce ya saurara da kyau amma akwai abin da ya shige masa duhu. Layin nan mai faɗi ne ko irin namu na da? Kuma tashar Gashua, a wannan ƙetaren kogi za a yi ta ko a wancan?

Wasu a baya suka fara ƙunshe dariya. Na ga malamai suna duban juna, suna dubana. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in juya harshe zuwa Hausa, in ce Baffa laifina ne, ni ban yi muku bayani ba. Amma a lokacin abin da ya dame ni shi ne kada malaman nan su ce 'yar ƙauye ta zo da 'yan ƙauyensu. Sai na yi murmushi na amsa da Turanci, da irin muryar da nake yi a manyan taruka. Na ce, ranka ya daɗe, fasinjojin jirginmu ƙanana ne ƙwarai, kuma ba wanda ke sauka da rai.

Ɗakin ya ɗauki dariya har da tafi. Baffa ya tsaya yana kallona, ya gane sarai. Ya ce na gode, ya zauna. Baba bai iya Turanci ba, amma ya san dariyar da ake yi da mutum da wadda ake yi masa. Ya karkata ya tambayi Baffa a kunne. Ban ji amsar ba, na dai ga Baba ya cire tabaransa ya ninke ya sa a aljihu.

Har muka dawo Nguru ba wanda ya ƙara nuna wani wuri ta taga. A bakin tasha tsofaffin suka sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce min sannu da ƙoƙari. Baffa ya yi min sannu da Manganci, ya ce, “Wushe, 'yata, Allah Ya ƙara basira.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Kwana biyu Baba bai je majalisa ba, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Bai yi min faɗa ba, yana amsa gaisuwata kamar kullum. Inna kuwa kwano kawai take dangwarar min. A rana ta uku, bayan karin kumallo, ya kira ni zaure.

“Ɗauko na'urar taki,” in ji shi. “Ki gaya min da Hausa. In ban gane ba, na ce ban gane ba.”

Na zauna na fara. Na gaya masa ba jirgi, ba tasha, ba Gashua, kuma ba a ƙasar nan za a yi ba, in ma an yi. Na gaya masa ƙwayoyin, da gudun, da karon. Kalmomin da na ce Hausa ba ta da su sai ga su suna zuwa. Ya tambayi dalilin miƙewar layin, na faɗa masa, ya gyaɗa kai ya ce ai jirgi ma a kwana yake cin ƙarfe. Sannan ya sa yatsa a tsakiyar zanen.

“Kin ce sun fi gashi siranta, kuma daga nesa za a auno su su haɗu a nan?”

“E, Baba.”

“To ƙasa fa? Ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Damina ta motsa ta, zafi ya motsa ta, ko babbar mota ta wuce sai ta girgiza. Mu layin da muka daidaita da safe, in rana ta take sai mu tarar ya goce. In naku ya goce da kaurin gashi ai sun saɓa. Wa zai riƙa bi yana gyarawa?”

Na ɗago na dube shi. Wannan ita ce matsalar da ta cinye min shekara uku, saboda ita muke ta tsara na'urorin da za su riƙa aunawa suna gyara maganaɗisun ba tsayawa. Na gaya masa haka. Ko shayin da ke gabansa bai huce ba ya gano ta.

Ya dube ni ya ce, “Wannan ne kika ga ya fi ƙarfina, Uwata?”

Na fashe da kuka, na ce ya yafe min. Na ce zan je majalisar da kaina in gaya musu ni na yi ƙarya, in roƙi Baffa gafara a gaban kowa. Da gaske nake, har na miƙe ina neman mayafi.

Ya ce, “Zauna. Ke gobe za ki hau jirgin sama. In kika je kika ce kin yi ƙarya, shi ke nan sunanki a garin nan, ko bayan raina.”

Ya sa hula, ya ɗauki sandarsa ya fita. Na bi shi har ƙofar gida na tsaya. Zan iya bin sa, ba wanda ya riƙe ni, tashar ma ba nisa. Ban bi shi ba.

Da yamma Baffa ya zo yi min sallama, kamar ba abin da ya faru. Na durƙusa zan fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Haba 'yata, ai babanki ya yi mana bayani,” in ji shi. “Ya ce tun farko kin gaya masa daidai, shi ne kunnensa ya tsufa, ya ji rabi ya ƙarasa rabi da kansa. Mun yi masa tsiya sosai yau. Mun ce daga yanzu in ya kawo labari sai mun nemi shaida.”

Baba yana zaune a gefe yana jan carbi, yana murmushi ana tsokanarsa. Na dube shi, ya girgiza min kai kaɗan yadda Baffa ba zai gani ba. Ban gyara zancen ba, kuma har yau mutanen majalisar nan haka suka sani.