Zuwa Tanut Neman Babur Ɗin Da Inna Za Ta Hau

Fitarmu daga gida

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na gama ɗaure ƙunshina, na leƙa ɗakin Inna, uwar mijina, na same ta zaune kan buzu tana jan carbi. Na durƙusa na ce za mu tafi. Ta yi mana addu'ar hanya, sannan ta ce in gaya wa "wancan" kada ya ɓata kuɗinsa dominta, ita da babur sun raba hanya.

"Wancan" Maigida ke nan. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin mutanen dā ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in tana da magana da shi ni take gaya wa ko da yana tsaye a wurin. Idonta kuwa yana ciwo. Likita a Tanut ya ce a riƙa kai ta kowane wata ana duba ta, ana ba ta maganin ɗigawa, in ba haka ba ganin zai tafi kuma ba zai dawo ba. Motar kasuwa ba ta iya hawanta. Da Maigida ya ari babur ya ɗauke ta, suka shiga rairayi, babur ya yi tangal-tangal, Inna ta gwammace ta faɗi da ta kama rigar ɗanta. Ta bugu a ƙugu, ta ce ba za ta ƙara hawa ba. Wata biyu ke nan ba ta je likita ba, har na fara ganin tana lalube kafin ta sami bakin randa.

Shi ya sa Maigida ya sayar da bijiminsa zai sayi babur. Ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce ina ruwan mace da cinikin babur? Na ce shi gaba zai zauna, wa zai duba masa baya? Ya yi dariya ya ce in shirya.

Garinmu yana yamma da Gangara, wajen kwarin Tarka. Amalanken shanu na maƙwabcinmu muka bi, muna ratsa gonakin da aka girbe, sai kara da garken Fulani masu cin ragowa. Hantsi ya ɗaga muka shiga Gangara.

Gangara zuwa Tanut

A tasha muka karya da ƙosai da kunu. Motar da muka samu buɗaɗɗiya ce, cike da buhunan wake, kuɗin mota jika bibbiyu kowane mutum. An ba Maigida wuri a gaba, ya ce in shiga, na ce a'a, akwai wata mai goyo ta fi ni buƙata. Na hau kan buhu tare da sauran mata.

Hanyar jar ƙasa ce mai gargada. Duk ramin da muka faɗa sai mu tashi sama mu dawo. Da aka tsaya zuba ruwa a inji, wata dattijuwa ta ce wa direba ya ji tsoron Allah, mutane ya ɗauko ba wake kaɗai ba. Ya rantse shi bai ji komai ba, hanya lafiya lau yau. Ta ce ai shi ya sa, ya dawo baya ita ta riƙe masa sitiyarin. Muka yi ta dariya har da shi.

Da muka hau kwalta jiki ya huta. Jandarma sun tsayar da mu sau ɗaya, suka duba katin kowa, suka ce a sauka lafiya. Ana kiran sallar azahar muka shiga Tanut.

Masauki

Gidan yayata Zinatu muka sauka, wadda ke aure a can. Ta tarbe mu da fura mai sanyi da nonon raƙumi, da yamma kuma tuwon hatsi miyar kuka da man shanu. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta riƙe haɓa, ta ce gobe duk kasuwa za ta san ƙanwarta. Na ce su sani, in dai Inna za ta ci gaba da ganin jikokinta. Sai ta ɗauko mini wani tsohon zanenta mai kauri ta ce in ɗaura shi, kada in lalata nawa na fita.

Kasuwar babura

Ƙarfe takwas muka isa rumfar wani dillali, Alhaji Mamman, Babarbare mai fara'a. Babura a jere suna ƙyalli. Maigida bai ko kalli sauran ba, ya miƙe wajen wani ja mai dogayen ƙafafu. Ya murɗa shi, ya saurari kukan inji, ya zagaya da shi ya dawo fuska cike da murmushi. Maza suka kewaye shi ana ta yabo: ƙarfi, gudu, ba ya shan mai, rairayi ba ya riƙe shi. Duk gaskiya ne. Amma na lura kowa a cikinsu hannun babur yake kamawa, babu wanda ya ɗora tafinsa a sirdin baya.

Na matsa na duba. Sirdin jan babur ɗin siriri ne, ya ɗaga ta baya ya gangaro gaba, wanda ke kai dole ya zame ya jingina da mai tuƙi. Tsayinsa ya kai mini ƙugu, Inna sai an ɗaga ta. Matakin ƙafa ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, an yi shi don mai raba ƙafa. Mu kuwa matan garinmu gefe guda muke zama saboda zane, ƙafa biyu a hagu. Sarƙar a buɗe take, bakin hijabi na iya shiga. Abin riƙewa babu, sai mutumin da ke gabanka.

Na ce a gwada da ni. Alhaji Mamman ya ce, "Uwargida, ga kwalta nan, a zagaya da ke."

Na ce ba kwalta za mu bi da shi ba, a kai mu inda rairayi yake. Ya kalli Maigida, Maigida ya kalli sama. Aka nuna mana wani fili bayan kasuwar dabbobi.

Na hau yadda Inna ke hawa. Na zauna a gefe, na bar tazara tsakanina da shi, na ɗora hannuwana a cinya. Na ƙudura a raina ko me zai faru ba zan taɓa shi ba. Muka tashi a hankali. Farkon rairayin na zame gaba, na ja jikina baya. Da tayar baya ta yi wutsiya sai na ji ba ni da abin kamawa ko kaɗan. Hannuna ya tafi wajen rigarsa da kansa, na janye shi. Sai ga ni zaune a ƙasa, rairayi har cikin takalmi.

Ban ji ciwo ba, don a hankali muke tafiya kuma ƙasar laushi gare ta. Maigida ya yar da babur ya dawo da gudu, ransa a ɓace.

"Me ya hana ki riƙe ni?"

Na ce, "Malam, Inna za ta riƙe ka?"

Ya tsaya. Ya daɗe yana kallon babur ɗin nan a kwance, sannan ya miƙo mini takalmina. Ya ɗaga babur ɗin, ya tura shi da ƙafa har rumfa, bai sake hawa ba.

Daga nan ciniki ya sauya. Alhaji Mamman ya fito da wani ƙarami irin wanda matan birni ke hawa. Zamansa da daɗi, ga shi gajere, amma tayoyinsa ƙanana ne, Maigida ya ce a kwarin Tarka shi za mu riƙa goyawa. Na yarda, wannan fanninsa ne. Sai aka jawo wani baƙi daga can ciki, ba shi da ado ko kaɗan. Sirdinsa dogo ne, mai faɗi, shimfiɗe ɗaya daga gaba har baya. Tsaye nake na zauna a kai ba tare da na yi ɗage ba. Sarƙarsa a rufe, bututun hayaƙi a dama da murfinsa, ga ƙarfen ɗaure kaya mai kauri a baya wanda hannu ke iya kamawa. Na danna sirdin, ya sauka ya dawo a hankali, bai yi tsalle ba.

Muka koma filin nan da shi. Sau uku muka ratsa rairayin, na riƙe ƙarfen baya da hannun hagu, ban zame ba. Abu biyu ne suka rage: ƙafar dama ba ta da wurin sauka, baya kuma ba shi da majingina. Alhaji Mamman ya ce wannan aikin mai walda ne, ya rage mana wani abu a kuɗin, ya ce tun da ya fara sana'ar nan yau ne aka sayi babur daga wutsiya.

Wajen mai walda

Bayan azahar muka kai shi. Na zauna a kai, mai walda ya auna da zare daga sirdi zuwa inda ƙafata ta tsaya, na ce ya ɗaga kaɗan don Inna ta fi ni gajarta. Ya yi faffaɗan mataki a hagu wanda ƙafa biyu za su zauna, ya sa majingina a baya, ya lanƙwasa wani ƙarfe a gefe ya zama mariƙi. Ya sa raga a jikin taya don kada zane ya shiga. Kafin magariba ya gama. Maigida ya tafi wajen takardu da hular kwano guda biyu, ni kuma na biya wurin mai magani na tambayi ranar da likitan ido zai zauna. Suka ce ranar Litinin mai zuwa.

Komowa

Washegari bayan sallar asuba muka yi sallama da Yaya Zinatu, ta cika mana jaka da cuku da dabino na Inna. Ƙarfe shida da rabi muka bar Tanut. Na ce wa Maigida har gida a matsayin Inna zan zauna, ya tuƙa kamar ita ya ɗauko.

A shingen jandarma wani ya duba takardu, ya zagaya babur ya ce wannan kujerar wa aka yi wa? Maigida ya ce ta tsohuwarsa ce. Jandarman ya miƙa masa takardun da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da lada.

A kan kwalta ban san ina bisa babur ba. Jar ƙasa ce ta nuna mini abin da ya rage. Majinginar ƙarfe ce tsurarta, duk gargada sai ta doke ni a gadon baya, ni mai sauran ƙarfi ma na ji a jikina. Na lura kuma in Maigida ya ga rami yakan taka birki da sauri, shi ya san da zuwansa, ni ban sani ba. A gindin wata aduwa muka tsaya shan ruwa, na gaya masa. Muka shirya in rami na zuwa ya ce "ga shi", in gyara riƙo. Daga nan har Gangara "ga shi" kawai nake ji, wani lokaci ma babu ramin, tsokana ce.

A Gangara muka sha mai, muka ci shinkafa da wake. Wajen wata Buzuwa mai sayar da kayan fata na sayi matashi ɗan madaidaici, ta ba ni igiyar fata muka ɗaure shi a majinginar. Da ta ji don wa ake yi, ta ƙara ɗaurin da hannunta har ya daina motsi. Sauran hanyar rairayi ne zalla, kilomita sha biyar, wurin da Inna ta faɗi yana ciki. Da muka zo nan Maigida ya rage gudu ƙwarai, na ji yana karanta wani abu a hankali. Muka wuce lafiya.

Gida

Kafin azahar muka shiga gari. Inna tana zaune a inuwar rumbu. Maigida ya kafe babur a tsakar gida, ya gaishe ta daga nesa, ya fita masallaci don ya ba mu wuri. Na kawo mata tsarabarta, na ba ta labarin Zinatu da yara. Ba ta tambayi babur ba, ni ma ban ambata ba.

Sai da na tashi zan ɗora tukunya ta ce in zo in kama mata hannu. Na kai ta wurin babur ɗin. Ba ta iya ganinsa sosai, da tafin hannu ta bi shi: sirdi, matashi, mariƙi, har ta sunkuya ta shafa matakin.

"Ke kika hau wannan tun daga can?"

Na ce ni ce, Inna.

"Kin kama shi?"

"Ko bakin rigarsa ban taɓa ba."

Sai ta juya baya ta zauna a kai, ta ɗora ƙafafunta biyu a matakin, ta jingina, ta kama ƙarfen. Ta ɗan girgiza jikinta ta ji ko zai motsa. Ta daɗe a zaune haka, babur a kafe, kaji suna kiwo a ƙarƙashinta. Da ta sauko ta tambaye ni yaushe likitan zai zauna. Na ce Litinin.

Ta ce, "To, ki gaya wa wancan ya tashi da wuri. Ba na son rana."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Zinatu da maigidanta, da Alhaji Mamman da ya yi haƙuri da mu rabin yini, da mai walda, da baiwar Allah mai matashi wadda ko sunanta ban tambaya ba. 'Yan uwana mata da mazajenku ke shirin sayen babur, ku bi su, ku zauna a baya yadda wadda za a riƙa ɗauka take zama, ku ce a kai ku irin hanyar garinku. Ranar Litinin bayan asuba na ɗaura wa Inna hular kwano bisa mayafinta, na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwanar rijiya, tana zaune daram. Ku taya mu addu'a Allah ya bar mata ganin da ya rage.