Dalalar Miyau a Shekarar Mahaukacin Kare

Warin tabarmar kaba da ta sha danshi har yau yana tsinka mini zuciya. Kada ka yi dariya tukuna, mai karatu. Ni mutum ne mai ilimi, sai da na kai aji huɗu kafin malamai su gaji da ni.

Daminar da rediyo ta ce an ba mu jihar Kebbi, mu a ƙauyenmu na bayan Bagudo ba wannan ke gabanmu ba. Wani kare ne ya haukace, ya ciji wani manomi da ke noma daf da iyakar ƙasar Binin. Bayan 'yan makonni aka kulle mutumin a ɗaki, aka tokare ƙofar da turmi. Waɗanda suka leƙa sun ce miyau na zuba daga bakinsa, in ya ga ruwa sai ya yi ta kakari. A ɗakin ya cika.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ranar da na gudu daga makaranta na tafi fadama, wani baƙon kare ya lashe mini gyambon ƙafa. In na faɗa, asirin guduna ya tonu. Sai na yi gum.

Wata rana na farka daga barcin azahar, na ji kumatuna sharkaf, tabarma ta jiƙe. Nan take manomin nan ya faɗo mini a rai. Na kife tabarmar. Washegari haka, jibi ma haka. Na daina zuwa kusa da randa, don kada in gan ta in fara kakari a gaban mutane. Duk turmin da na gani a tsakar gida, sai in ga kamar ni yake jira.

Kakata ce ta kama ni ina goge baki da gefen riga. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta miƙo.

"Sha, mai gidana."

Na tsaya ina kallon ruwan. Na rufe ido na kafa kai. Sai da na ga gindin ƙwaryar, sannan na fashe da kuka na faɗa mata komai.

"Miji ragon banza," in ji ta. "Kwana ukku kana mutuwa, ba ka ko bar man wasiyya ba?" Amma nan take ta yafa mayafi ta fita neman kawuna.

Kawuna ya ɗauke ni a keke zuwa asibitin Bagudo. Ma'aikacin, wani mutumin kudu mai Hausa a karkace, ya leƙa hancina ya ce mura ce ta toshe shi, ina barci rub da ciki, baki buɗe. Ya ce in riƙa shaƙar tururin ruwan zafi, in kwanta rigingine da matashi. Maganar kare kuwa bai yi wasa da ita ba. Allurai na sha a ciki, har na daina ƙirgawa.

Yanzu haƙora sun fara zubewa, miyau ya samu hanya. Jikokina har hoto suke ɗaukata da waya in barci ya sace ni. Nakan bar su su gama dariya, sannan in ce kowa ya nuna mini ƙafarsa. Ba na dukan wanda ya gudu daga makaranta. Wanda kare ya taɓa ya ɓoye mini, shi ne zai san kakansa ya yi aji huɗu.