Yatsu Takwas a Saman Labule

Duk faɗin Gwarzo, ka haɗa da Kabo, ka ɗora Mainika a kai, babu mai riƙe fuskar mutum kamar ni. Ba yabon kai ba ne, ko da yake yabon kai ne. Na taɓa gane wani a tashar mota ta gefen kunnensa kawai, alhali rabona da shi tun muna yawo ba wando. Abokan hirata suna cewa da gwamnati ta san ciwon kanta, da ta daina buga katin shaida ta ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Haka nake cika baki, kuma har gobe in an taru ina yi, don baki ya riga ya saba. Sai dai akwai wani tsohon akwatin ƙarfe na mahaifina a ƙarƙashin gadona. Duk ranar da na ɗaga murfinsa, warin tsatsa da kafur ya bugi hancina, sai in ji surutun ya tsaya kamar an yi ruwa an ɗauke.

Hoto ne a ciki, guda ɗaya, baƙi da fari, gefensa ya yi ja saboda tsufa. Kafin in gaya maka abin da ke cikinsa, sai na gaya maka wace ce Iya.

Iya ba ta haifi kowa a cikinmu ba. Amma uwarta ce ta goyi kakana, ita kuma tun tana yarinya ta goyi mahaifina da ƙannensa, ta yi aure a Durun, mijin ya rasu, ta dawo, ta tarar da ni ina rarrafe ta saɓa ni a baya. Kakarta aka kamo daga wani wuri can kudu, tun kafin zuwan Turawa, aka sayar wa kakan kakana. Ba wanda ke faɗin wannan da ƙarfi. In baƙo ya tambaya sai a ce, "Ai 'yar gida ce." Yaro kuwa ba ya buƙatar a gaya masa. Yana ganin ɗakin wa ke jikin madafa, yana ganin wa ke cin tuwo bayan kowa ya ci, yana ganin wa ke durƙusa wa wanda ta yi wa wanka yana jariri.

Gidanmu gidan alfahari da jar fata ne. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, in aka yi haihuwa ba ta tambayar mace ce ko namiji, kunnen jaririn take fara murɗawa ta duba, don wai a nan ake gane ko zai dishe. In ta ga kunnen ya yi duhu sai ta taɓe baki ta ce Allah ya raya. Iya kuwa doguwa ce, baƙa wuluk. In ka ce in ba ka labarinta, zan kwana ina yi. Na san ƙanshin wuyanta, hayaƙin kara da man shanu da ɗan gumi. Na san wata tsoka a kafaɗarta da ke motsi in tana daka, ni ina bayanta ina lilo da kowane bugun taɓarya. Na san ƙaramin yatsanta na dama da ya karkace tun ranar da taɓarya ta same shi a bakin turmi. Na san muryarta in tana kiran kaji.

Shekarar da kakana ya dawo daga Makka, lokacin tsuke bakin aljihu ne, zamanin da ake layin sabulu da sukari tun daga hantsi har azahar a koma hannu wofi. Baffana da ke aiki a masaƙa a Kano an sallame su, ya dawo ƙauye da rediyo da katifa. Duk da haka aka ce sai an ɗauki hoton gida, don tsoho ya sa haƙorin Makka kuma ba a san gawar fari ba. Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuya, tsakar gida cike da gyaɗar da aka baza, ga ƙanshin ɗanyen kara ko'ina.

Mai hoto ya zo daga cikin Gwarzo a kan keke, da na'urarsa mai ƙafa uku da wani labule a naɗe. Da ya warware shi muka yi ihu. An zana jirgin sama a jiki, da dogayen benaye, da itacen dabino. Ya ce fim ya zama ƙwayar ido, bugu ɗaya zai yi, wanda ya ƙifta ya ƙifta ke nan har abada.

Kowa ya yi kwalliya. Ni aka sa mini hular da ta fi kaina, aka cusa tsumma a ciki. Iya ma ta fito, ta ɗaura zanen da kakana ya kawo mata tsaraba, ta zo ta tsaya a layin baya kusa da gwaggona. Mai hoto ya leƙa cikin na'urarsa, ya ɗago, ya sake leƙawa, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, akwai 'yar matsala," in ji shi. "Abin nan Turawa suka ƙera shi daidai fatarsu. In na buɗe masa haske don baiwar Allahn can ta fito, ku za ku ƙone ku zama kamar alli. In na daidaita shi a kanku, ita sai ido da haƙori. Sai ku zaɓa."

Aka yi shiru. To ni tun ina ƙarami ba na jure shiru, ciwo yake sa mini. Shekarata goma, kuma na riga na gane cewa in ka sa manya dariya ana ƙara maka nama. Sai na ɗaga murya na ce, "Mai hoto, bar Iya ta shiga mana. Sai a rubuta a ƙasa, an ɗauke shi bayan sallar isha'i."

Gidan ya ɗauka da dariya. Baffana har da riƙe ciki, kakana ya buɗe baki haƙorin Makka ya yi walƙiya, gwaggona ta ce wannan yaro Allah ya shirye shi, tana share hawaye. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa Iya ma ta yi dariya. Gaskiya ban sani ba. Ban waiwaya ba, ina can ina karɓar yabo.

Ana cikin haka ƙusar da aka kafa labulen da ita ta zare daga katanga, don ƙasar ta sha ruwan damina ta yi laushi. Aka buga, ta sake zarewa. Mai hoto ya ce sai dai wani dogo ya riƙe ta baya. Ban ji wanda ya kira sunan kowa ba. Na dai ga an kife turmi a bayan labule, Iya ta tattare sabon zanenta ta hau, ta ɗaga hannu biyu ta kama bakin labulen. Mai hoto ya ɗauki lokaci yana gyara wa wannan hula, yana karkata wa wancan haɓa, ita tana can a tsaye a kan gindin turmi, jirgin sama bai ko girgiza ba. Da yamma ta kankaro mini ƙanzon tuwo, ta jiƙa shi yadda nake so, ta miƙo mini. Na cinye.

Shekaru suka tafi. Iya ta rasu ina can Kano ina koyon aikin koyarwa. A wurin zaman makoki, da yake bakina ba ya zama, na ce wa jama'a mu a gidanmu ba mu san bambanci ba, Iya uwa ce, har a hoton gida tana ciki. Na faɗa sau da yawa a wurare da yawa, har ni kaina na yarda.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, ƙanena ya tsayar da gemu ya ɗage wando, ya bi ɗakunan gida yana sauke hotuna, ya ce suna hana mala'iku shiga. Ya tara su a tsakar gida ya cinna ashana. Yaron kirki ne, kuma wa'azinsa yana ratsa jiki, musamman in ya zo kan cewa fari bai fi baƙi ba sai da tsoron Allah. Shi ne kuma da aka yi masa tayin jikar Iya, mai saukar Alƙur'ani, ya ce a bari tukuna a duba asali. Ni dai na zare hoton gida na cusa a cikin riga, na jefa shi a akwati ban ko kalle shi ba. Ba don Iya na yi ba. Don hular nan tawa na yi, ina son in nuna wa 'ya'yana.

Bayan haka da kamar shekara biyu, wata ranar Asabar da hantsi, ɗan acaɓa ya sauke wata mata a ƙofar gidana. 'Yar Iya ce guda ɗaya tilo, wadda aka aurar a Kabo tun ban yi wayo ba. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ta tuɓe takalmi tun daga zaure, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce haba Inna, tashi. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki, ya aka ji da zafi. Ta kwance ƙullin daddawa ta ajiye mini. Sannan ta ce likita ya ce idonta na hagu ya tafi, na dama yana bin sawunsa, ba zai kai wata damina ba.

"Ɗan nan, na ji ka faɗa ranar makoki cewa tana cikin hoton gida. Ita ba ta taɓa ɗaukar wani ba. Ina so in ga fuskar uwata kafin a rufe mini ƙofa."

Na tashi da ƙarfina, har ina tsokanarta cewa ta shirya kuka. Na jawo akwati, na ɗaga murfi, na fito da hoton zuwa haske. A nan tsaye na ƙirga mu. Mu goma sha bakwai, da jirgin sama, da dabino. Na sake ƙirgawa, babu Iya. Ban ji komai ba, ka san yadda ƙafa ke yi in ka daɗe zaune a kanta. Na kai mata haka nan.

Ta kai shi dab da idon dama, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, tana ambaton kowa tana yi wa matattu addu'a. Ta gama layin baya. Ta koma farko. Sannan hoton ya ɗan yi sama a hannunta, ta tsaya. A can saman labule, sama da jirgin, akwai yatsu, huɗu a wannan kusurwa, huɗu a waccan, baƙaƙe, sun lanƙwaso ta gaba. Na ƙarshe a hannun dama a karkace yake. Ta ɗora babban yatsanta a kai ta daɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Ni ma ban faɗa mata maganar sallar isha'i ba. Kai ne na fara gaya wa.

Yanzu hoto ya zama banza. 'Ya'yana suna ɗaukar ɗari a yini, kuma wayar da kanta take wanke musu fuska ta mayar da su jajaye ba tare da an roƙe ta ba. Autata, wadda ta fi kowa duhu a gidan, ba ta sa hotonta ko'ina sai ta bi ta wannan wankin. Na taɓa buɗe baki zan yi mata barkwanci a kai, sai na rufe. Jikokin Iya suna nan, wani direba, wata ungozoma a asibiti, ana gaisawa a biki da suna. Ba mai kiransu da wani suna. Sai dai in maganar aure ta taso, a ji wani tsoho ya yi gyaran murya.

A ranar da 'yar Iya ta zo, da ta miƙo mini hoton, sai ta ce tunda an ce ni ba na manta fuska, in zauna in siffanta mata uwarta, ko kunne ya taya ido. Na gyara zama. Na ce doguwa ce. Ta ce ta sani. Na ce baƙa ce. Ta ce wannan kowa ya sani. Ta ce tsagen kumatunta fa, guda nawa ne? Na buɗe baki. Na ga wuya, na ga kafaɗa, na ga ɗaurin ɗankwali ta baya, na ga yatsa. Na juya ta a raina iya ƙarfina, ta ƙi juyowa. Na ce uku. Na ce a'a, kamar biyu. Na ce bari in tuna.

Ta laluba takalminta da ƙafa, ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Bar wahalar da kanka, ɗan nan, ba mantawa ka yi ba. Wanda aka goya ai ƙeya ya sani. Ku kuwa a gidan nan har yau ba wanda ya sauko."